Fentin da Baba Ya Shafa wa Randar Iya

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar watan Maris, jajibirin sunan autanmu, ina aji biyar a firamare. Na dawo daga makaranta tafin ƙafata yana raɗaɗi saboda zafin ƙasa, na tarar gidanmu na Kurudu yana warin fenti tun daga bakin ƙofa. Baba bai je aiki ba ranar. Daga shi sai singileti, ya shafe bangon tsakar gida, ya shafe ƙofar banɗaki, har turken da muke ɗaure akuya bai tsira ba. Ragowar fentin mai ne, shuɗi mai duhu, wanda ogansu ya bar musu bayan sun gama shafe wani gida a Gudu. Sai na hangi randar Iya a tsakiyar gida. Ya zazzage yashin cikinta, ya kankare gansakukar jikinta da wuƙa, ya bar ta a rana tun safe har ta bushe ƙayau. Ya ce, "Binta, zo ki riƙe mini gwangwani." Na yar da jaka na zo da gudu. Ya shafe ta ciki da waje, ya jira ta sha iska, ya sake shafawa. Da ya gama sai ya tsoma gashin kaza a farin fenti ya miƙo mini, ya ce in zana mata furanni a wuya. Na zana guda biyar, harshena a waje don ƙoƙari. Ina murna, wallahi murna nake yi, kuma wannan murnar ce take ci mini rai har yau.

Iya mahaifiyar Baba ce. Doguwar mace, mai saurin tafiya, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana da 'yar gona a gangaren rafi inda take shuka kuɓewa da rama da gyaɗa, kuma kafin mu tashi daga barci ta je ta dawo. Ciwon suga ya kama ta tun ina ƙarama, har ya kai ƙwaya ta daina yi mata, aka mayar da ita kan allura, safe da dare. Ruwan allurar nan a 'yan ƙananan kwalabe yake zuwa, kuma da yake asibitin da nisa, na wata uku ake ba ta a tafi ɗaya. Nas ɗin ta ja mata kunne cewa zafi yana kashe maganin, ya zama ruwa kawai, a riƙa tsira mata a banza. Mu kuwa ba mu da firij. Ko da muna da shi, wutar unguwarmu sai ta yi kwana huɗu ba ta leƙo ba. Saboda haka rayuwar Iya gaba ɗaya ta rataya ne a kan abu ɗaya, wato kwalaben nan su zauna da sanyi.

Iya ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta ɗaura gyale ta tafi bayan dutse wurin Mama Asabe, wata Bagwariya mai ginin tukwane da suka saba tun zuwanmu garin. Ita ta gina mata randa mai faɗin baki, da wata 'yar tukunya da za ta zauna a cikinta. Ana zuba yashin rafi tsakanin randar da tukunyar, a jiƙa shi sharkaf, a sa kwalaben a cikin tukunyar, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bi ta jikin yumɓu ya tsattsafo waje, iska ta busa ta ɗauke shi, ta tafi da zafin cikin. Shi ke nan fa, ba waya, ba inji. Mama Asabe da kanta ta ɗauko ta a kafaɗa har gida, ta zagaya tsakar gidan tana ɗaga hannu tana neman inda iska take bi, ta zaɓi wani lungu tsakanin ɗakin Iya da katanga, ƙarƙashin mangwaro, inda rana ba ta taɓa sauka. Da irin Hausarta ta ce, "Randa yana numfashi. In ya daina zufa, ya mutu." Muka yi ta dariya, muka mayar da maganar abin tsokanar juna.

Ni aka ɗora wa aikin shayar da ita. Moɗa uku da safe kafin in tafi makaranta, moɗa uku in na dawo, wani lokacin har da ƙari da magariba in zafi ya yi tsanani. Ba zan yi ƙarya ba, aikin yana isa ta. Ruwa wurin 'yan ga-ruwa muke saya, in kurar ruwansu ba ta shigo ba sai ni da yayata mu gangara rafi da bokiti, mu hauro muna haki, sannan in tsaya ina kallon yashi yana shanye wahalata. Amma lungun nan shi ne wuri mafi daɗi a gidan. Ɗakunanmu na bulo ne da rufin kwano, babu silin, da azahar ko kaza ba ta yarda ta shiga. Sai mu tattaru a gindin randar da 'yan matan maƙwabta muna carafke da 'yar gala-gala, in mun gaji mu manna kumatu a jikinta mu ji sanyi har cikin haƙori. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu takan sauke ƙwaryarta a wurin ta huta, Iya ta saka mata ɗan man shanu a gefen yashin don kada ya narke kafin ta kai kasuwa. Tumatir ɗin Umma ma a can yake kwana. In Iya ta ga na yi nawa da moɗa sai ta ce, "Bintalo, ba randa kike ba ruwa ba, ni kike ba." A lokacin na ɗauka irin zolayarta ce.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Baba ya san aikin zafi da launi, ya fi kowa sani a gidan. Sana'arsa ce! Shi da hannunsa ya ɗauki wata jarka ruwan ɗorawa ya shafe ta da baƙin fenti, ya ce mu riƙa cika ta muna ɗorawa a kan falalen dutsen bayan gida tun hantsi. Kafin la'asar ruwan ya yi zafin da sai an sirka, da shi Iya take wanka, da shi take alwalar magariba, ba mu ƙona ko itace ɗaya ba. Har alfahari yake yi wa abokansa, yana cewa abu mai duhu rana yake sha. To don Allah, mutumin da ya san wannan, me ya kai shi shafa wa randar magani shuɗi mai duhu?

Kunya ce ta kai shi, ba komai ba. Baba ya wuni yana shafe gidajen manya a cikin gari, gidaje masu tayil da gilashi, ya dawo ya tarar da nasa lungun yana naso, bango ya yi kore, ƙasa ta yi taɓo, ga tsumma a kai kamar na goge ƙafa. Ya daɗe yana mita cewa randar tana yoyo, Mama Asabe ba ta gasa ta da kyau ba, tana ɓata masa siminti. Yanzu ga suna, ogansa ya ce zai zo, abokan aikinsa za su zo, dangin Umma za su taso daga Zariya. Ba ya so a ce gidan mai fenti ne da kayan ƙauye a ciki. Da fentin ya bushe sai ya mayar da yashin, ya mayar da tukunyar da kwalaben, ya jefa tsumman a shara ya kawo wani murfin kwano mai ƙyalli ya kifa. Kuma bai mayar da ita lungunta ba. Ta yi kyau da yawa, in ji shi. Ya girke ta a baranda, gefen ƙofar ɗakin Iya, inda duk mai shigowa zai gani, inda kuma rana take faɗowa tun daga azahar har ta faɗi. Iya ta leƙo, idonta dama ya fara rauni, ta shafa furannina da yatsa ta ce Allah ya yi albarka. Washegari aka yi suna, aka ci aka sha, mata suna ta tambaya a ina aka sayo wannan randa.

Kwana biyu da suna na zuba moɗa ɗaya sai ruwa ya taso saman yashi ya tsaya. Na ji daɗi, na ce wahala ta ragu. Kwana na uku ko moɗa ɗayar ba ta shiga ba. Jikin randar a bushe, sumul, ba ɗigon zufa. Ran nan na dawo daga makaranta na ɗaga murfin, ya ƙona mini yatsa, wani tururi mai wari ya bugi fuskata. Na sa hannu na taɓa kwalaben, na ji su da ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauke daga ƙarƙashin kaza. Na je wurin Umma, tana fama da jego, ga jariri yana tsala ihu saboda ƙurajen zafi, ta ce in bari Babanmu ya dawo. Baba kuwa da asuba yake yi wa Iya allura kafin ya fita neman mota, sai kuma bayan isha'i in ya dawo. A lokutan nan biyu randar ta huce. Bai taɓa taɓa ta da rana tsaka ba, ni kaɗai nake taɓawa. Da na gaya masa, yana cin tuwo, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ai amfanin fentin ke nan, yanzu ruwa yana zama ba ya zubewa. Na ce Mama Asabe ta ce in ta daina zufa ta mutu. Sai ya ajiye lomar ya dube ni ya ce, "Ke da Mama Asaben wa ya fi ni sanin aiki? Tashi ki ba ni wuri." Yayata ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce raina ne ya ɓaci don an daina aikena. Na tashi na koma bayan ɗaki na yi kuka, daga nan ban sake tayar da maganar ba. Shekarata goma sha ɗaya. Na sha gaya wa kaina haka, amma bai taɓa sanyaya mini zuciya ba, domin ina da ƙafa, kuma na san hanyar gidan Mama Asabe.

Sannu a hankali Iya ta fara canzawa. Ƙishirwa ta dame ta, ta sha moɗa biyu ta nemi ta uku. Fitsari ba iyaka. Ta rame, wuyanta ya zurma, matar da take riga kowa tashi ta koma sai rana ta take tana kwance. Kowa ya kawo nasa bayanin. Wannan ya ce zafin bana ne, wancan ya ce tsufa, wata ta ce bakin mutane ne tun ranar suna, aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi. Ba wanda ya kalli barandar. Baba yana ta tsira mata allura a kan lokaci, ko sau ɗaya bai yi fashi ba, har yana cewa da ba don allurar ba da abin ya fi haka. Da hadari ya fara haɗuwa sai Iya ta matsa sai ta je sharar gona, ta lallaɓa ta tafi, wani tsinken kara ya soke ta a ƙasan babban yatsa. Ɗan ciwo ne da bai kai ƙwayar gero ba. Mako guda bai rufe ba, mako biyu ya fara ruwa, yatsan ya yi baƙi, wari ya cika ɗakin har muka daina cin abinci a kusa. Ranar da aka kira ta ba ta amsa daidai ba, tana magana ba kan gado, ranar aka nemo mota.

Da ni aka tafi asibiti, don ni na san inda kayanta suke. Nas ɗin ta ce a kawo maganin da take amfani da shi. Na miƙa mata kwalbar. Ta ɗaga ta a hasken taga, ta jujjuya, na ga abin cikin ya yi gudaji-gudaji ya manne a jikin gilashin kamar nonon da ya tsinke. Ta tambayi inda ake ajiyewa. Baba ya yi saurin cewa a randa, yadda aka ce, har da yashi. Ni kuwa bakina ya kuɓuce na ce, "An yi mata fenti, kuma a rana take." Nas ɗin ta dubi Baba ta daɗe, sannan ta jefa kwalbar a kwandon shara, ta ce wata nawa ke nan ana yi wa baiwar Allah allurar ruwa. A hanyar fita Baba ya kama kunnena ya murɗe, ya ce in na sake sa baki a maganar manya sai ya karya ni. Bayan kwana shida aka yanke wa Iya ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Mama Asabe ta zo dubiya bayan an sallamo ta. Tana shigowa ta yi turus a baranda, ta ƙwanƙwasa randar da yatsa, ta shafa, ta dubi tafin hannunta a bushe. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta ce kawai, "Kun toshe masa hanci." Ta shiga ta zauna a gefen Iya.

Shekara biyu Iya ta ƙara a duniya, a zaune a kan tabarma, tana jan jiki zuwa banɗaki, tana tambayar duk wanda ya fito daga gangare ko wa yake noma gonarta. An kawo sabuwar randa, an mayar lungu, na ci gaba da shayarwa ba tare da an aike ni ba, amma ƙafa ba ta dawowa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda gidan ya haɗa baki ya binne maganar. In baƙo ya tambaya sai a ce ai ciwon suga haka yake, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ina wurin aka shafe randar, ni na riƙe gwangwanin. Ita kanta Iya, da na taɓa faɗa mata cikin kuka cewa mu muka jawo mata, sai ta rufe mini baki da hannu ta ce, "Kul! Ɗana kyau ya so yi mini." Haba Iya! Shuɗiyar randar kuwa ba a fasa ta ba, Umma ta mayar da ita ma'ajiyar gawayi, kullum ina wucewa ina ganin furannina biyar.

Yanzu ina zaune a Kubwa da mijina da 'ya'ya biyu, kullum ina bin motar haya zuwa aiki cikin gari. Ina kallon benayen da ake ginawa, gilashi tun daga ƙasa har sama suna fuskantar rana, tagogin da ba a buɗewa, an sare duk bishiyar da ke gabansu an shimfiɗa siminti, janareta yana ruri a baya don a fitar da zafin da aka gayyato da kuɗi. A unguwarmu kowa baƙin rufi yake so saboda shi ake yayi, sannan a kwana ana fifita ana zagin masu wuta. In na yi magana a ce na cika ƙauyanci. Kunyar nan da ta kama Baba ita ce ta kama garin gaba ɗaya, kuma ba wanda yake jin ta a matsayin ciwo.

A cikina na biyu likita ya ce na gaji ciwon Iya. Bara aka mayar da ni kan allura. Ina da firij, amma a watan zafin da ya wuce muka yi kwana biyar babu wuta, ina ta yawo da kwalabena a kula ina neman ƙanƙara gida-gida. Na shiga kasuwar Gudu neman randa, duk wadda na ɗaga an shafe ta da fenti mai ƙyalli, ta zuba fure ce a falo. Mai sayarwar ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa zai sayi wadda ba fenti?" Na je Kurudu, aka ce Mama Asabe ta rasu, ramin da take haƙar yumɓu an zagaye shi da katanga an yi rukunin gidaje. Ban gaya wa Baba abin da ya kai ni ba, amma na san Umma ta gaya masa.

Bayan mako biyu, da rana tsaka, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, ya tsufa, rigarsa ta jiƙe da gumi, rungume da wata randa ja, tsirararta, da 'yar tukunya a ciki. Daga baya na ji ƙauye uku ya zaga kafin ya samu mai ginawa, kuma a cinya ya riƙo ta tun daga can, mota uku. Bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba. Ya ajiye ta a hankali, bai yarda mun haɗa ido ba, ya ce, "Ki sa ta inda iska take bi. Kada ki bari kowa ya shafa mata komai." Ya juya ya tafi.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayansa har ya sha kwana. Na so in kira shi, na so in yi masa ihu, ban yi ko ɗaya ba. Da ya faɗi wannan maganar shekara ashirin da suka wuce, da Iya ta shiga kabarinta da ƙafa biyu.